Injin saƙa mai zagaye ko mai shimfiɗa? Ki ɗauki mai shimfiɗa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin biyun da kika ambata, wato ɗan injin roba mai zagaye da ake juyawa da hannu, da kuma dogon nan mai shimfiɗa na ƙarfe, ki sayi mai shimfiɗa. Duka biyun na mallaka. Ɗaya yana kan teburina har gobe, ɗayan kuwa ya koma kwalinsa tun bai yi wata huɗu a hannuna ba.

Mai zagayen na fara saya, kuma na yi da-na-sani. Ba zan ce ba ya komai ba: yana fitar da hula da mayafin wuya da sauri, yaro ma zai iya juya shi. Amma allurarsa 48 ce, faɗin saƙarsa ɗaya ne kullum, zaren da yake karɓa mai matsakaicin kauri ne kawai, kuma duk ranar da na ce ya yi mini falle maimakon bututu sai madaukan gefe su riƙa zubewa. Iyakarsa ke nan.

Mai shimfiɗar da nake da shi Silver Reed SK280 ne. Allurai 200 ne jere a kan gado ɗaya, tsakanin kowace allura da 'yar'uwarta milimita 4.5, kuma yana karanta kati mai huji-huji wanda ke maimaita ado a kan madauki 24. Ba ya buƙatar wuta. Ke ce za ki riƙa tura kan injin, wato ɓangaren da ke zamewa a bisa allurai, dama da hagu, duk turawa ɗaya layi ɗaya ya fita, katin kuma ya matsa gaba da ɗan ƙas ɗinsa.

Abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu, rigar sanyin da na saƙa wa mahaifina ce. Baba siriri ne, dogo, mai dogayen hannuwa. Duk rigar da aka sayo masa, in jikin ya yi daidai hannun ya ɗage, in hannun ya kai sai jikin ya yi masa yawa kamar aro. Shekara da shekaru haka yake fama, bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ki gan shi yana jan bakin hannun riga ƙasa. Na fara da saƙa ɗan gwaji, na wanke shi, na bar shi ya bushe, na ƙirga madauki nawa da layi nawa ke cikin santimita 10. Daga nan lissafi ne kawai. Hannun rigar na faro shi daga wuyan hannu da allurai kaɗan, bayan kowane layi shida in turo allura ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana buɗewa a hankali har ya kai hammata. A kafaɗa kuma na riƙa ɗaukar madauki uku na gefe da ɗan ƙarfen nan mai baki uku ina matsar da su ciki. Ragin ya bar wani siririn layi mai kyau da ya gangaro tun daga wuya. Almakashi bai taɓa saƙar ba, sai dai wajen yanke bakin zare.

Ranar da ya saka, ya miƙa hannuwansa gaba kamar mai karɓar kaya, ya duba, bakin hannun yana nan daram a inda ya kamata. Ya daɗe yana shafa shi kafin ya sa mini albarka. Bayan shekara uku gwiwar hannun dama ta cinye. Da yake ba yankakkiyar saƙa ba ce, na warware ɗinkin hannun, na buɗe littafin da na rubuta lissafin, na saƙa sabon hannu da ragowar zaren a yini guda. Har yanzu rigar tana jikinsa.

Wannan bambancin ba a ɗakunanmu ya tsaya ba, haka yake a masana'antu. Manyan injinan zagaye na kamfanoni, masu dubban allurai, su ke fitar da yadin da ake yin singileti da rigunan tishat. Suna da sauri sosai, amma abin da suke bayarwa dogon bututun yadi ne, sai an shimfiɗa an yanka an ɗinka, ƙyallayen da suka rage kuma su zama asara. Akwai kuma na zamani irin na kamfanin Santoni na Italiya, masu saƙa kayan ciki da na motsa jiki ba ɗinki a gefe. Kada mai talla ya ruɗe ki da hotunansu. Ɗan injin robar nan siffar zagayen kawai ya haɗa su.

Shi kuwa mai shimfiɗa, dangi ne na asali a wannan sana'a. William Lee ya ƙera injin saƙa safa na farko a Ingila a 1589. Allurar nan mai ƙugiya da ɗan harshe da ke buɗewa ya rufe da kansa, wadda za ki gani guda 200 a gabanki, Matthew Townsend ya yi mata rajista a 1849. A 1863 Isaac Lamb a Amurka ya fito da inji mai gado biyu masu fuskantar juna, a 1864 kuma William Cotton ya zo da wanda ke ƙara faɗi ya rage da kansa, yadda kowane ɓangaren riga zai fito da siffarsa ba yanka. Abin da na yi wa hannun rigar Baba da yatsuna ke nan.

Inda abin ya fi burge ni shi ne labarin Shima Seiki na Wakayama a Japan. An kafa kamfanin a 1962, kuma da injin saƙa safar hannu ya fara. Ki dubi safar hannu da kyau: ƙananan bututu ne na yatsu da suka haɗu suka zama babba ɗaya. Rigar sanyi ma haka take, jiki da hannu biyu, bututu uku. A 1995, a bikin baje kolin injinan masaƙu da aka yi a Milan, suka nuna injin da suka kira WholeGarment, wanda ke saƙa ukun gefe da gefe, ya haɗe su a hammata, riga ta faɗo cikakkiya ba ɗinki. Stoll na Jamus ma yana yin irinsa. A 2012 Nike ta fitar da takalmin Flyknit, wanda samansa saƙa ce ta injin shimfiɗa, nan a matse don ya riƙe ƙafa, can a sake don iska ta shiga, duk a falle ɗaya. Sirrin duka abu guda ne: a iya zaɓar kowace allura ita kaɗai, a kuma iya ɗauke madauki daga wannan a ɗora a waccan. Kwamfuta ke yi musu, ke kuma kati da hannunki za su yi miki. Ɗan mai zagayen ba ya zaɓar allura, duk wadda ta zo gabansa saƙawa yake.

Ban ɓoye miki wahalarsa ba. Makonnin farko sai kin yi haƙuri. Saƙa za ta zube ƙasa gaba ɗaya in kika tura kan injin ba zare a bakinsa, gefuna za su yi madaukai in zaren ya yi sako-sako, kuma dole ki koyi rataya ƙarafan nauyi kina ɗaga su sama yayin da saƙar ke tsawo. Saƙar gado ɗaya tana naɗewa a baki, halinta ne, ba laifin injin ba. In kina son bakin hannu da ƙugu masu talewa su koma, sai kin ƙara gado na biyu da ake ɗaurawa a gaba, na wannan injin sunansa SRP60N, amma ki bari sai hannunki ya faɗa. Haɗa ɓangarorin riga kuma da hannu za ki yi. Sannan yana son teburi mai ƙarfi da za a ɗaure shi, kuma yana da ƙara.

Ki kula da zare tun kafin ki biya. Mai milimita 4.5 siririn zare yake ci. In zarenki mai kauri ne, akwai LK150, shi ma mai shimfiɗa ne duk da jikinsa roba, allurai 150 a tazarar milimita 6.5, ba shi da kati amma yana ƙari da ragi yadda kike so. Ko shi ya fi mai zagaye nesa ba kusa ba. Na lantarki irin SK840 yana sakin miki hannu a ado, ba iyakar madauki 24, sai dai yana jingine da kwamfuta da manhaja. Ga mai farawa, kati ya wadatar.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Masu sayar da injinan da aka riga aka yi amfani da su da yawa ba su da amana. Kamfanin Brother ya daina ƙera injinan saƙa na gida tun shekarun 1990, don haka duk wanda ya ce miki yana da Brother sabo fil daga kamfani, ƙarya yake. Tsofaffinsa injina ne masu kyau, amma a sayar miki a matsayin tsoho. A cikin gadon akwai wata doguwar sanda mai soso da ke danne allurai. Soson yana lalacewa da daɗewa, ya kwanta ya yi danƙo, allurai su riƙa tsalle suna maƙale kan injin. Ki ce a zaro ta a gabanki. Canza ta ba wuya, amma mai cewa “yana aiki lafiya lau” alhali sosonsa ya narke bai saƙa komai da shi ba. Ki bi allurai da yatsa ki ga kowane harshe yana faɗuwa da kansa, ki leƙa ramukan gadon ko akwai tsatsa, ki ɗora ido a kan tsawonsa ki tabbata bai lanƙwashe ba. Wasu sukan haɗa gadon wani kamfani da kan injin wani, su tura hoto daga nesa. Na Brother da na Silver Reed ba sa shiga juna, har allurarsu daban. Wasu kuma su cire matajin fara saƙa, ƙarafan nauyi, maɗaurin teburi da sandar zare, bayan kin biya su dawo su sayar miki ɗaya-ɗaya. Ki nemi littafin injin, akwai hoton duk kayan da ya zo da su a shafukan farko, ki ƙirga.

Bidiyon da aka ƙara wa gudu ba shaida ba ne. Ki ce a saƙa layi 20 da kati a ciki, ba yankewa, a nuna miki adon ya fito daidai a faɗin gadon. In ya ƙi, ki bar masa kayansa. In kin samu mai kyau, ki fara da zare mai santsi mai farin launi, wanda aka naɗe a kan mazugi, domin a baƙin zare ba za ki ga madaukin da ya zube ba sai ya yi nisa.