Masu fiton albasa a Paga bayan ficewar Nijar daga ECOWAS

'Yan albasa na kasuwar Adjen Kotoku da ke kusa da Accra a Ghana, inda aka mayar da su daga Agbogbloshie a 2021, sun san ribar mota ɗaya ta albasar Galmi ta Nijar tana hannun mai fito, wato wakilin da ke fitar da kaya daga kwastam. Tun 29 ga Janairu 2025 da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ake ta gardama a zango kan ko kaya zai ci gaba da wucewa. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo mai tambarinta, kaya kuma su bi tsarin ETLS na sassauta ciniki tsakanin ƙasashenta har sai an sanar da wani abu.

Masu fito na kirki a Paga, garin iyakar Ghana da Burkina Faso, sun riƙe wannan. Sukan shigar da bayanan kaya a ICUMS, tsarin kwastam na Ghana na intanet, tun motar tana Pô a ɓangaren Burkina Faso, su tanadi takardar lafiyar amfanin gona, su duba Brown Card ɗin direba, wato katin inshorar mota na ECOWAS. Aikin nan ya cancanci ladansa.

Inda suke kasawa shi ne adadin buhu. In takarda ta saɓa da abin da ke mota, sai a sauke a sake ƙirga, albasa kuwa in ta kwana biyu a ƙarƙashin tamfol cikin zafi, ta fara ruɓa daga tsakiya. Alhaji, ka ƙirga da idonka kafin a rubuta.

Ka kuma tambayi masu fito harajin kashi 0.5 da ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso, suka sa a Maris 2025 kan kayan da ke shigo musu, kafin ka loda goro ko gishiri na komawa.