Takalmin da na hau dutsen Agu da shi

Jama'a masu tambayata a kan takalmin nan na hawan dutse da na saya a gwanjo nan Yamai, to na gwada shi kuma wallahi ya biya kuɗinsa. Mai shagon ya ce min "alaji ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka, ka sa safa mai kauri", na ji maganarsa, Allah ya saka masa.

Togo muka je ni da abokina, daga Lome muka shiga mota zuwa Palime, washegari da asuba muka kama hanyar dutsen Agu da jaka a baya, shi ne mafi tsawo a ƙasar, mita 986. Mu da muka saba da rairayi ga laka ga santsi, ruwa ya kwana yana zuba, hanya ta miƙe tsaye cikin gonakin koko da kofi da ayaba, gumi har cikin ido, amma takalmin nan ko sau ɗaya bai zame da ni ba, haƙoran ƙasansa na kama jar laka gam. Abokina da ya sa baskit sau uku yana zama daɓas.

Aibinsa dai nauyi, kuma in ruwa ya shiga ciki sai ya kwana biyu bai bushe ba. Wajen saukowa babban yatsana ya ɗan ji jiki.