Na sa CoreELEC a akwatin Android ɗina, ga yadda na same shi

Masu irin akwatin Android ɗin nan na kasuwa da ake jonawa a talabijin, kafin ku ce ya mutu ku wulla shi cikin tarkace ku tsaya ku ji. Nawa furosesa Amlogic S905X3 ce a ciki da RAM 4GB, injin kansa ba shi da laifi wallahi, duk matsalar a manhajar da aka cusa masa take. Ka kunna ka yi ta zaman jira, ka sa fim mai nauyi murya ta yi gaba hoto na biye, ga wasu manhajoji da ba ni na sa ba kuma sun ƙi goguwa, ga data na zurarewa ko ba a kallon komai. Ta datar nan ce ta fi tsaya min a rai, don a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, na'urori masu araha da ke zuwa da muguwar manhaja a ciki, masu kutse su dinga amfani da intanet ɗin gidanka kai kana zaune ba labari. Tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya da shi.

Shi CoreELEC ɗan ƙaramin Linux ne, kyauta, an yi shi musamman don furosesar Amlogic, kuma aikinsa ɗaya tak, ya buɗe maka Kodi, manhajar kallon nan da ake kira XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Abin da ya sa na yarda na gwada shi ne ba sai ka taɓa Android ɗin ciki ba, a kan memori yake zama. Ka sauke fayil ɗin daga shafinsu, ka rubuta shi a memori da manhajar Rufus ko balenaEtcher a kwamfuta, sai ka shiga foldar device_trees ka kwafo fayil ɗin da ya dace da furosesarka da yawan RAM ɗinka ka fito da shi wajen foldar ka ajiye a kan memorin ka sa masa suna dtb.img. Nan ne fa wajen natsuwa, in ka ɗauki wanda ba naka ba baƙin allo kawai za ka gani ko ya tashi amma ba netwok. Daga nan ka zura memorin, ka samo tsinken sakace ka tura cikin ramin AV akwai ɗan maɓalli ɓoye a can ƙurya, ka danne shi ka jona wuta kana riƙe har sai tambarinsu ya fito. Shi kenan. Ranar da ka zare memorin, Android ɗinka na nan yadda ka bar shi.

Bambancin kuwa, kai! Kamar an yi wa tsohon mashin garambawul. Yana tashi da wuri, wanda ga mu da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba ƙaramin abu ba ne, kuma Kodi na tuna inda ka tsayar da fim. Fayil ɗin 4K na H.265 da a da ke shaƙe shi yanzu tafiya yake sumul, har yana iya daidaita talabijin da gudun fim ɗin kansa, 24 a daƙiƙa, wannan ɗan karkarwar hoto in kyamara na juyawa ta ɓace. Mu da yawanci a filas muke karɓo fina-finai da karatuttukan malamai wajen masu turi, ka jona filas ɗin kawai komai ya jeru, ba ya neman data ko kaɗan, yara ma sun iya.

Amma akwai inda ya ba ni wahala kuma gara in faɗa. Rimot ɗin akwatin bai yi aiki da farko ba, sai da na koma kan rimot ɗin talabijin ta hanyar HDMI-CEC, tsarin da ke barin rimot ɗin talabijin ya sarrafa abin da aka jona ta HDMI, daga baya na sa Kore, manhajar rimot ta Kodi, a waya. Wi-Fi ɗin ciki ma ya ƙi, don masu haɗa waɗannan akwatuna duk abin da ya yi araha shi suke sawa, dole na ja wayar LAN daga rauta. YouTube kuma sai ka je wajen Google ka ƙirƙiro makullin API naka, wato lambar izinin da manhajar ke shiga YouTube da ita, aiki ne da zai gajiyar da wanda bai saba ba, kuma ba Play Store a nan sam. In gidanku YouTube da Netflix ne abin kallo, kar ka wahalar da kanka, ka tara kuɗi ka sayi akwatin da ke da shaidar Google.

Ni dai na gamsu sosai, a kan memorin nake barinsa duk da akwai wani umarni, ceemmc, da ke mayar da shi can cikin ma'ajiyar akwatin. Kafin ka fara ka sa manhajar AIDA64 ka duba furosesar, don suna ɗaya a kwali amma ka tarar Rockchip ce ko Allwinner, waɗannan CoreELEC ba ya hawa kansu, sai dai ka duba ko LibreELEC, wani tsari irin CoreELEC, na da naka. Kuma don Allah a nemi memori na asali ko da 16GB ne, jabun da suka cika kasuwa su ne ke sa shi daskarewa a tsakiyar kallo.