Gargaɗi ga masu neman aiki a Kebbi: ku yi hattara da masu sayar da gurbin aikin gwamnatin tarayya

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi na kwana biyu ina tunanin ko in rubuta wannan abu ko in bari, don abin kunya ne ga gidanmu, amma na ga in na yi shiru gobe wani gidan za a shiga. Akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu yana cewa yana da hanya a Abuja, wai ogansa darakta ne a wata hukumar gwamnatin tarayya kuma an ba shi gurabe na mutanen Kebbi. Ƙarya ce. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya cuta, naira dubu 480.

Yaron nan ya gama HND, ya yi bautar ƙasa, shekara uku ke nan yana zaune a rumfar POS ta wani yana karɓar ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Duk fom ɗin da anka buɗe sai ya cika, shiru. To a haka wani ɗan unguwarmu, mutumin kirki wanda shi ma daga baya munka gane an ci nashi kuɗin, ya kawo mana mutumen har zaure. Shadda fes, hula zanna, carbi a hannu, ya gaida Inna har ƙasa yana cewa Hajiya ai ɗanki ɗana ne. Ya ce ba ɗaukar aiki ake yi a fili ba, maye gurbi ne, wato wasu sun yi ritaya wasu sun rasu, ana cike wurinsu a ɓoye, shi ya sa ba za ka gani a intanet ba. Ya kuma ce kada a faɗa ma kowa saboda 'yan baƙin ciki.

Wannan kalmar ta kada a faɗa ma kowa ita ta kashe mu. Ni kaina sai da anka zo biyan kashi na biyu sannan na ji.

Bai nemi kuɗin a dunƙule ba, kuma nan dabararsa take. Farko dubu 30 na fom. Bayan sati biyu ya ce suna ya fito, a kawo dubu 250 na gurbi. Inna ta sa anka fidda buhunan shinkafar da ta aje tun kaka, ta haɗa da ragon da take kiwo don layya. Ina tsaye ranar da anka ja ragon nan zuwa kasuwa, tana riƙe da igiyar ta miƙa tana cewa Allah sa albashinsa na farko ya maida mini biyu. Daga nan sai kuɗin gwajin asibiti, sai kuɗin sa suna cikin IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, wai in ba haka ba albashi ba zai shigo ba, kullum da sabon abu kuma kullum yau ne ranar ƙarshe, in ba ka tura kafin la'asar ba za a ba ɗan wata jiha. In ka riga ka zuba dubu 280 ai ba ka son ka ja baya saboda dubu 50, haka ya riƙa tatsarmu.

Ya sa ƙanena cikin wani guruf na WhatsApp, mutum sama da arba'in, amma shi mutumen da wasu lambobi biyu kaɗai ke iya rubutu. Su biyun nan kullum suna turo Alhamdulillah na karɓi ofa ta, wato takardar kama aiki, Allah saka ma oga. Yanzu mun gane yaransa ne ko ma shi ne da kansa da wasu layukan.

Ƙarshe ya turo takardar kama aiki ta waya, da tambarin Najeriya da sa hannu da komai, anka je kafe anka yi firintin mai kala har da leda. Yaro ya hau mota ya bi ta Yawuri da Kwantagora har Abuja, ya kwana a tasha. Da safe ya je ofishin, tun a ƙofa wani dattijo ma'aikaci ya duba takardar ya ce ɗana wa ya ba ka wannan, ai mai wannan sunan ba mu da shi a nan, kuma kai ne na uku da ya zo da irinta a watan nan. Ya kira lambar mutumen, a kashe. Ya duba guruf, an cire shi. Da ya kira ni kasa magana ya yi, Yaya kawai yake cewa.

Da na zauna na duba takardar da idon natsuwa alamun duk suna nan, mu ne son aikin ya rufe mana ido. Adireshin imel ɗin da ke ƙasa na Gmail ne, alhali shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa. Kuɗin duk akawun ɗin mutum anka tura, kuma sunan da ke fitowa ba nashi ba ne, wai na sakatarensa. Ba jarrabawa, ba intabiyu, ba tantance takardu. Ku duba yadda ake ɗaukar Sibil Difens da Imigireshin da ma'aikatan gidan gyaran hali da na kashe gobara, hukumar CDCFIB mai kula da su ke sanarwa a fili, ka cika a shafinta kyauta, a yi jarrabawa a kwamfuta, a tantance ka ido da ido. Kuma IPPIS tsarin biyan albashi ne, ba a biyan wani ɗan tsakiya don a sa ka ciki. Mutumen ya kuma karɓi NIN da BVN na yaron da hoton satifiket ɗinsa, wannan ya fi tada mini hankali don ba mu san me zai yi da su ba, mun dai je banki mun sanar.

Na san halin da ake ciki, ban ga laifin mai neman hanya ba. Ƙasar da a 2014 matasa sunka biya naira 1,000 kowannensu don neman aikin Imigireshin, sunka cika filayen wasa har wasu sunka mutu a turmutsutsu, ai ba sai an faɗa maka yadda yunwar aiki take ba. Wannan yunwar su ke ci da ita. Kuma mu faɗa ma kanmu gaskiya, biyan kuɗi don a ba ka aiki cin hanci ne ko da aikin na gaske ne, shi ya sa wanda anka cuta ke jin nauyin kai ƙara, su kuma sun san haka sarai.

Mu dai mun aje kunya. Mun kai rahoto ga 'yan sanda, kuma ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu ofishin EFCC na Sakkwato da rasit ɗin tiransifa da hotunan hirar WhatsApp da takardar bogin. Zuwa yanzu mun samu mutum biyar da ya yi ma haka, biyu daga Jega, ɗaya mace ce da ta sayar da keken ɗinkinta. Duk wanda ya san yana cikin guruf ɗin nan, ko yanzu haka ana ce mashi ya kawo cikon kuɗi kafin Juma'a, don Allah kada ya ƙara tura ko kwabo, kada kuma ya goge saƙonnin, ya yi mini magana mu tafi tare. Inna har yau ba ta san duka adadin ba, dubu 280 kawai munka faɗa mata.