Takardar tambayoyi ko zama a bayan aji: wanne za ka ɗauka?

Ƙanina, idan ka kai lokacin rubuta memuwa, wato kundin binciken kammala karatu, a ENS, babbar makarantar horar da malamai ta Marwa a Kamaru, malamin da ke duba aikinka zai tambaye ka hanyar da za ka bi wajen tattara bayanai. Hanyoyi uku ne a kasuwa, kowacce da farashinta.

Takardar tambayoyi ita ce mai araha, shi ya sa kowa ke rububinta. Ka buga, ka raba, a zaɓi ɗaya cikin amsa biyar irin ma'aunin da Likert ya fito da shi a 1932. Manyan malamai tana yi musu. Amma yaran CM2, ajin ƙarshe na firamare, da Fulatanci ko Gizga suke yi a gida, ka miƙa musu ita da Faransanci? Na gani da idona: benci guda, amsa guda, duk sun kwafi ta yaron da ke gefe.

Hanya ta biyu, gwajin aji biyu, a koyar da ɗaya da sabuwar dabara a bar ɗayan, sai mai zango biyu a hannu da darakta mai haƙuri. Bar shi.

Ni dai zama a aji nake so. Ka nemi izini, ka samu kujera can baya da littafinka, ka yi shiru sati uku ko huɗu. Kwanakin farko malama za ta yi maka darasin baƙo, yara su yi ta waiwayenka. Daga baya a manta da kai, a lokacin ne za ka ji inda take sauka daga Faransanci ta koma Fulatanci don a gane lissafin rabawa, ka ƙirga sau nawa 'yan mata suka ɗaga hannu. In an tashi ku yi hira da malamar a gindin darbejiya. Kuɗinsa na mashin ne da gumi, amma kada ka bari sai Mayu, hankali ya koma kan CEP, jarrabawar kammala firamare.

Sai 'yan damfara. Wani mai shagon kwafi ya taɓa karɓar kuɗina, wai zai shigar min da amsoshi a SPSS, manhajar kwamfuta ta ƙididdiga. Takardu 60 na ba shi, teburinsa ya nuna 120. Cikewa ya yi da ka. Irinsu ne ke sayar da tsohuwar memuwa, a canja sunan makaranta kawai. Kafin ka biya kowa, ka sa lamba a kan kowace takarda, ka riƙe na asali, ya buɗe fayil ɗin a gabanka ku duba layi goma tare.