Rigar gola: ta Mucha ko ta Dubravka?

Ɗan'uwa da ya tambaya tsakanin rigar Jan Mucha ta Sulobakiya ta 2010 da ta Martin Dubravka ta Newcastle: ɗauki ta Mucha. Dukansu sun ratsa hannuna, ɗaya ce kawai ta zauna.

Ta Mucha a tulin gwanjo na tsince ta, mai kayan bai ma san ko ta wane ne ba, kuɗin singileti ya karɓa. Har yau ita nake sawa in an tura ni raga ranar Asabar. Ta sha wanki, lamba 1 ɗin bayanta ba ta ɓare ba. Babu kuma inda zan shiga da ita wani dattijon gidan kallo bai tare ni da zancen wasan Italiya ba. Ranar 24 ga Yuni 2010 ne, a filin Ellis Park na Johannesburg. Italiya ce ke riƙe da kofin duniya, Sulobakiya kuwa zuwanta na farko ke nan tun da ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1993. Robert Vittek ya ci biyu, Kamil Kopunek ya shigo daga benci ya ƙara ta uku, aka tashi 3-2, zakarun duniya suka tattara sai gida tun a zagayen rukuni. Mucha ne a raga duk wasanni huɗun, har Holan ta fitar da su da ci 2-1 a Durban. An ci shi, ba na musu, wadda Quagliarella ya ɗaga masa ta saman kai ma babu golan da zai kamo ta.

Abin da ya sa nake ganin girman mutumin ya wuce wasa ɗaya. A Legia Warsaw ta Polan ya yi suna daga 2005 zuwa 2010, sai Everton ta ɗauke shi, ya tarar da Tim Howard ya kafa kujera. Shekara uku yana ɗumama benci, sai wasannin kofi. Da Howard ya ji rauni a Maris 2013 aka ce Mucha fito, ya hana Manchester City ci a Goodison Park, Everton ta yi nasara 2-0 alhali an ba ɗan wasanta Pienaar jan kati. Golan da ya daɗe bai taɓa ƙwallon lig ba ya yi wannan, ai ka san bai yi wasa da atisaye ba. Daga nan ya yi Rasha, ya koma Slovan Bratislava, ya ɗan taɓa Hamilton a Sikotilan, da ya ajiye safar hannu kuma ya koma Legia cikin masu horarwa. Kai da kake koya wa yara tsaron raga, ga labarin da za ka ba wanda ke fushi don an ajiye shi a benci.

Dubravka kuwa, to, gola ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Wasansa na farko a Newcastle, Fabrairu 2018, ya hana Manchester United ci, aka tashi 1-0, kuma a Firimiya ya yi wa Mucha nisa. Amma yawancin rigunansa na can tambarin Fun88 ne a ƙirji, kamfanin caca. Tawa ban lura ba sai da na saya, na rasa inda zan sa ta, masallaci dai ba a maganarsa. Ga tsiyar abokai, da sun ga sunan sai a tuno maka ƙwallon da ya tura ragarsa da hannunsa a wasan da Sifaniya ta ci ƙasarsa Sulobakiya 5-0 a 2021. Rigar ƙasa babu tallan kowa a gabanta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a WhatsApp da Instagram, kowa "orijina" yake cewa. Rigar Sulobakiya ta 2010 Adidas ce. Ta Newcastle Puma ce har 2021, sai Castore, Adidas ta karɓa a 2024, don haka wanda ya nuna maka "ta 2018" da tambarin Adidas ya raina maka hankali. Rigar Mucha ba ta da yawa a kasuwa, in mutum ya ce yana da ita kowane saiz, bugawa yake yi a shago. Ka sa ya juya ta ya ɗauko maka hoton ɗinkin ciki da ƙaramar takardar da ke maƙale a ciki, ba hoton da ya kwaso a intanet ba. Wanda ya ce wai Mucha ne ya sa ta a fili da kansa, ka yi masa sallama kawai.

Kada ka tura ko sisi sai riga ta zo hannunka, ko hannun wanda ka yarda da shi a garin. In ba ka samu ta gaske ba, gara ka haƙura zuwa buɗe sabuwar dila.