Wata shida ina jan PT Cruiser a Yamai

Jama'a tun ina yaro nake son fasalin motocin da, masu dogon hanci da kumburarren fuka-fuki a saman taya, shi ya sa da na ga Chrysler PT Cruiser ɗin nan okaziyo an kawo ta daga Kwatano ban yi dogon ciniki ba wallahi.

Daga 2000 zuwa 2010 aka ƙera ta, yawanci a Toluca ta ƙasar Meziko, amma zanen jikin na motocin Amurka ne na wajajen 1930, irin waɗanda samari can suke sa ma babban inji suna tsere. Kaɗa kanta ka ga agogunan nan zagaye guda uku cikin rami, giya kuma doguwa da ɗan dunƙule a kai kamar kan sanda, ni dai har yau in na kama shi sai na ji daɗi. Ran nan wajen kasuwar Katako wani dattijo ya tsaya yana shafa gabanta ya ce “ɗana, wannan ta wace shekara ce?” da na faɗa mishi bai yarda ba.

Ciki akwai fili sosai, kujerun baya suna fita gaba ɗaya, buhun hatsi uku na sa ban matsa komai ba. Injin lita 2.4 ne, to kar ka haɗa shan manta da na Starlet, kuma kayan gyaranta ba kamar na Toyota ba da za ka samu ko'ina, sai an yi maka oda ka jira. A kan gudron lafiya lau take, amma rairayin unguwa sai a hankali.

Ba zan saida ta ba gaskiya.